Zugu da Paraku: Hanyar Goro, Iyakar Jamusawa da Takardun Alhaji Umaru

Gabatarwa

A arewacin Jamhuriyar Benin akwai garuruwa biyu da sunansu ya daɗe a bakin fataken ƙasar Hausa. Ɗaya shi ne Paraku, wanda ake rubutawa Parakou da Faransanci, hedikwatar lardin Borgu. Ɗayan kuwa shi ne hedikwatar lardin Donga, wanda taswirar yau ke kira Djougou. Jamusawan da suka iso garin a ƙarshen ƙarni na 19 sun rubuta sunansa Sugu a rahotanninsu, Hausawa da mazauna zangunan ƙasar Gana kuma suna ce masa Zugu. A ƙidayar jama'a ta 2013 gundumar Paraku tana da mutum 255,478, ta Zugu kuma 267,812, sai dai mafi yawan mutanen gundumar Zugu a ƙauyuka suke zaune.

Mai karatun Hausa yana da dalilin sanin waɗannan garuruwa. Su ne manyan zanguna a kan hanyar goro da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato da ƙasar Gwanja. A yankinsu ne kuma Jamus da Faransa da Ingila suka yi rige-rigen kafa tuta. Kai-kawon Jamusawa a Zugu bai kai shekara 10 ba, mulkinsu a maƙwabciyarta Togo kuma shekara 30 kawai ya yi. Duk da haka sun bar abu biyu da suka wanzu. Na farko shi ne iyakar da ta datse hanyar fatake a yammacin Zugu. Na biyu shi ne tarin rubuce-rubucen Hausa cikin ajami, waɗanda sai da suka bi ta Jamus da Poland kafin su iso hannun ɗalibai.

Daga Paraku zuwa tuddan Zugu

Baƙon da ya fito daga bakin teku yakan fara sauka a Paraku. A nan ne layin dogo mai tsawon kilomita 438 da ya taso daga Kwatano ya tsaya, a tsakiyar shekarun 1930. Shekara da shekaru a nan ake sauke kayan da za su Jamhuriyar Nijar daga jirgin ƙasa a loda wa manyan motoci. Garin ne mahaifar Hubert Maga, shugaban ƙasar na farko lokacin da ta sami 'yancin kai a 1960 da sunan Dahomey, kuma tun 2001 yake da jami'arsa. Babbar kasuwarsa sunanta Arzeke. Duk Bahaushen da ya ji wannan suna zai tuna da kalmar arziki. Akwai kuma unguwa mai suna Zongo, wato zango.

Daga Paraku zuwa Zugu kimanin kilomita 135 ne, ana nufar yamma maso arewa. Hanya tana ratsa gonakin doya da auduga da kashu, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa, ga rugagen Fulani masu sayar da cukun nan da ake kira wagashi. A Beteru ake ƙetare kogin Weme, wanda ke gangarawa kudu har bakin teku. Daga nan ƙasa takan ƙara tudu a hankali har a shiga Zugu, gari na Musulmi mai masallatai da yawa, inda hanyoyi suka rabu zuwa Natitingu da Basila da Ndali da kuma Kara ta ƙasar Togo.

Kimanin kilomita 20 arewa da Zugu, kusa da Kopargo, duwatsun Taneka suke, inda kogin Weme ya samo tushe. A gefen waɗannan duwatsu akwai ƙauyuka irin su Taneka Koko da Taneka Beri, masu ƙananan ɗakunan laka zagayayyu da jinkar ciyawa, an kife tukunya a ƙoƙuwar kowace jinka. Kakannin mutanen wurin daga wurare daban-daban suka fito, suka hau dutse don tsira daga mahaya dawaki masu kamun bayi. Yawancin ɗakunan a rufe suke a mafi yawan watannin shekara, domin masu su suna can gonaki, sai lokacin bukukuwan gargajiya suke dawowa. Wanda ya tsaya a kan dutsen ya dubi filin da ke ƙasa yana kallon hanyar da ta azurta Zugu, ita ce kuma hanyar da ta sa waɗannan mutane gudu.

Hanyar Gwanja

Goron da Hausawa suka fi so ba ya fitowa a ƙasarsu. A dazukan Asante yake, a tsakiyar ƙasar Gana ta yau. Sarakunan Asante ba sa barin baƙi su shiga dazukan, sai dai a kawo goron kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, fatake su saya a can. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, amma cinikin ya fi bunƙasa a ƙarni na 18 da na 19. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa kan fataucin goro da aka buga a 1980, ya nuna cewa zuri'o'i uku ne suka fi riƙe wannan sana'a: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari.

Ayari yakan tashi bayan kaka, idan ƙoramu sun janye. Madugu ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana kula da tara abin da za a biya, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a da zaɓen ranar tashi. Ana ɗaukar kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin rini na Kano, da jan fata, da gabu, wato busasshen ganyen albasa, a kan jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro. Ana kuma kora dawaki da shanu da bayi. A dawowa sai goro, an jera shi cikin huhu an lulluɓe da ganye, ana kwancewa lokaci-lokaci a yayyafa ruwa a tsince wanda ya lalace. Tafiya da dawowa takan ci wata 6 har zuwa shekara guda. Shi ya sa fatake suka fi kowa sanin cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyoyin suna da yawa, amma babbar cikinsu takan ƙetare kogin Kwara a wajen Yawuri ko Busa ko Ilo, ta shiga ƙasar Borgu, ta bi ta Nikki da Paraku zuwa Zugu, sannan ta ratsa duwatsun ƙasar Kotokoli ta nufi Yendi da Salaga. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya tarar da wani ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kamar haka. Ƙasar Borgu ta yi suna wajen 'yan fashi a bakin fatake, domin 'ya'yan sarautarta, waɗanda ake kira Wasangari, sukan tare ayarin da bai biya fito ba. Saboda haka gari mai ganuwa da kasuwa da sarkin da ake iya yin alkawari da shi abu ne mai daraja ƙwarai.

Masu ƙasa da masu kasuwa

Tsarin Zugu da na Paraku iri ɗaya ne: gari biyu cikin gari ɗaya. A Zugu fadar sarki tana Kilir, gidan sarautar kuma daga ƙasar Gurma ya samo asali, yana mulkin mutanen Yom, waɗanda su ne masu ƙasa. Kusa da Kilir sai unguwar 'yan kasuwa Musulmi, wadda aka sani da suna Wangara. Sunan ya fito ne daga Wangarawa, 'yan kasuwar ƙasar Mali na da, waɗanda tarihin Kano ya ce su suka kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji. A Paraku sarki yana da laƙabin Akpaki, unguwannin fatake kuma suna da nasu shugaban mai laƙabin Baparape. Har yau akwai unguwa mai wannan suna a garuruwan biyu.

Mazauna unguwannin fatake asalinsu daban-daban ne: Wangarawa, Dandawa, Hausawa, Barebari da Yarbawa. Harshen da ya haɗa su a gida shi ne Dendi, ɗan'uwan Zabarmanci, wanda ya gangaro daga bakin Kwara ta wajen Gaya. Hausa kuwa ita ce harshen hanya da na zango. Bafatake yakan sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Sarki yana samun fito da kyaututtuka, malamai suna yi masa addu'a da rubuta wasiƙu, su kuma ba sa neman gadon sarautarsa. Wannan zaman na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ya riƙe garuruwan fiye da ƙarni guda. Alamunsa suna nan a bikin Gani na Nikki, wanda ake yi a watan Mauludi da hawan dawaki da busa kakaki, kamar yadda ake sallar Gani a Daura.

Zuwan Jamusawa

A ranar 5 ga Yuli 1884 Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa bakin tekun Togo ƙarƙashin Jamus. Yanki ne ɗan siriri, don haka tun daga farko idon Jamusawa yana arewa. Burinsu shi ne su isa kogin Kwara, su kuma karkato da ayarin Hausawa zuwa tashoshinsu na bakin teku. A 1888 wani likitan soja mai suna Ludwig Wolf ya kafa sansanin Bismarckburg a tuddan tsakiyar Togo. A shekarar da ta biyo ya bi hanyar fatake ya iso Zugu, ya wuce gabas da nufin shiga Borgu, amma zazzaɓi ya kashe shi a wajen Ndali, arewa da Paraku, a watan Yuni 1889. Bayansa Erich Kling ya sake bin wannan hanya a 1891.

A ƙarshen 1894 ne rige-rigen ya yi zafi. Frederick Lugard, wanda kamfanin Ingila mai ciniki a Kwara ya aiko, ya sami yarjejeniya a Nikki ranar 10 ga Nuwamba. Bai sadu da sarkin ido da ido ba, ta hannun limamin garin aka yi komai. Bayan kwana 16 Bafaranshe Decoeur ya sami tasa takardar a wannan gari, Faransawa suka ce tasu ce sahihiya tunda da sarki suka yi. A daidai lokacin tawagar Jamus ƙarƙashin Hans Gruner ta bi ta Sansanne-Mango da Gurma ta isa Say, daga nan ta shiga Gwandu a watan Afrilu 1895, zamanin Sarki Umaru Bakatara, ta koma gida tana iƙirarin cewa Gwandu ta shiga hannun Jamus. A 1896 kuma Julius von Zech, wanda daga baya ya zama gwamnan Togo, ya taso daga Kete-Krachi ya zo Zugu don ƙarfafa iƙirarin ƙasarsa.

Akwai abin lura a nan ga mai nazarin harshe. Dukkan waɗannan Turawa hanyar fatake suka bi, a zangunan fatake suka sauka, kuma da Hausa ko Larabci tafintocinsu suka yi magana da fada. Sojojinsu ma haka. Ingilishi suna da rundunar da suke kira ta Hausawa tun 1863 a Legas, Faransawa sun kafa tasu a Dahomey, 'yan sandan Jamus a Togo su ma da yawansu Hausawa ake ce musu. Sau da yawa mutumin da aka rubuta Bahaushe a waɗannan takardu Bazabarme ne ko Bagurmashe ko ɗan Borgu, wanda ya iya Hausa kawai. Wajibi ne mai karanta rahotannin wancan zamani ya riƙe wannan a ransa.

A Turai aka yanke hukunci. Ranar 23 ga Yuli 1897 Faransa da Jamus suka sa hannu kan yarjejeniya a Paris. Jamus ta haƙura da Zugu da Semere da Alejo da ƙasar Gurma, Faransa kuma ta bar mata Sansanne-Mango da Bafilo da Kirikri. A shekarar ce sojojin Faransa suka mamaye Paraku da Nikki da ƙarfin bindiga. Ranar 14 ga Yuni 1898 wata yarjejeniyar ta raba Borgu biyu: Nikki da Paraku ga Faransa, Busa da Kayama da Ilo ga Ingila. A 1899 Jamus da Ingila suka raba ƙasar da ta rage a yamma, Yendi ta faɗa hannun Jamus, Salaga ta faɗa hannun Ingila. Mutanen ƙasa ba su karɓi wannan hannu biyu ba. Dagombawa sun gwabza da Jamusawa a Adibo a 1896, a 1916 kuma Bio Gera ya yi tawaye a Borgu, Kaba ya yi nasa a duwatsun Atakora.

Abin da iyaka ta yi wa hanya

Bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, madugun da ya tashi daga Kano zuwa ƙasar goro sai ya ratsa mulki huɗu: na Ingila a Nijeriya, na Faransa a Dahomey, na Jamus a Togo, sannan na Ingila kuma a gaɓar Gana. Kowanne yana da jami'an kwastan da kuɗinsa da takardunsa, kowanne kuma yana so ayari ya tsaya a kasuwarsa. Tun kafin haka ma Salaga ta raunana. Bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874 ta fita daga hannun Asante, goro ya koma Kintampo, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. Da yawansu suka koma Kete-Krachi a bakin kogin Bolta, garin da ya zama na Jamus.

Abin da ya ƙarasa hanyar ƙasa shi ne jirgin ruwa da jirgin ƙasa. 'Yan kasuwa sun gane cewa goron da aka loda a Akara ko Sekondi zai isa Legas cikin 'yan kwanaki. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta makonni. Alhassan Dantata, ɗan zuri'ar Agalawa da aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara amfani da wannan sabuwar hanya. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka shuka irin goron Gwanja a wajen Agege da Shagamu, buƙatar zuwa nesa ta ragu.

Garuruwan biyu ba su sami rabo ɗaya ba. Hanyar da ta haɗa gabas da yamma ta mutu, wadda ta haɗa kudu da arewa ta taso. Paraku tana kan sabuwar, ta sami layin dogo da ofisoshin mulki, ta zama babban birnin arewacin ƙasar. Zugu kuwa ta wayi gari da iyaka a bayanta, tafiyar ƙasa da kilomita 50. Garuruwan Kotokoli da take ciniki da auratayya da su sun zama na wata ƙasa. 'Ya'yanta da yawa suka bi tsohuwar hanya suka zauna a zangunan Kumasi da Akara, inda sunan Zugu ya zama sunan al'umma mai sarkinta. Baƙon da ke neman ginin Jamusawa sai ya ƙetara Togo, ya ga kufan Bismarckburg, ko na tashar wayar iska ta Kamina inda suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta 1914. A Zugu babban abin da suka bari shi ne layin iyakar da ya bi ta duwatsun Alejo, kusa da dutsen Sokbaro mai tsayin mita 658.

Malami da jami'in mulki a Kete-Krachi

Cikin waɗanda rikicin Salaga ya kora zuwa Kete-Krachi akwai wani malami mai suna Umaru ɗan Abubakar. An haife shi a Kano a 1858, danginsa kuma Kabawa ne. Mahaifinsa bafataken goro ne, don haka ya haɗa karatu da sanin hanyoyin Gwanja tun yana saurayi. A Salaga ya san wani Bajamushe mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka sa wa suna Malam Musa. Krause ya iya Hausa sosai, ya tara rubuce-rubucen ajami da aka adana a Barlin, kuma ya fito fili ya zargi jami'an ƙasarsa da kau da kai daga cinikin bayi a Togo, abin da ya jawo masa baƙin jini a gida.

A Kete-Krachi Malam Umaru ya zama limami, ya kuma haɗu da Adam Mischlich, wanda ya zo Afirka a matsayin ɗan mishan kafin ya koma aikin gwamnati ya riƙe gundumar. Mischlich ya zama ɗalibinsa a fannin Hausa. Ya riƙa roƙonsa ya rubuta abin da ya sani, malamin kuma ya rubuta cikin ajami: tarihin ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, da bayanin noma da saƙa da rini da ƙira da fatauci da aure da sarauta. Da taimakonsa Mischlich ya fitar da littafin koyon Hausa a 1902 da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma buga wasu daga cikin rubuce-rubucen da fassara. A bangon waɗannan littattafai sunan Mischlich ne ke sama.

Shi wannan malami da ke koyar da jami'in mulki da rana, shi ne ya tsara waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, inda ya lissafa garuruwan da suka faɗi da sarakunan da aka ƙasƙanta. Yana da wata sananniyar waƙa kuma a kan talauci da wadata. Ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo bayan yaƙin duniya na farko ya tarar Jamusawa sun tafi, Kete-Krachi tana hannun Ingilishi. A can ya rasu a 1934, an san shi da Alhaji Umaru. Tsohon garin da ya zauna ruwan tafkin Bolta ya cinye mafi yawansa bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Daga Barlin zuwa Warso

Lokacin da ake rabon Afirka babu ƙasar Poland a taswira. Tun 1795 Rasha da Prusiya da Ostiriya suka raba ta, sai a 1918 ta dawo da 'yancinta. Wani matashinta, Stefan Szolc-Rogozinski, ya kai tawaga bakin tekun Kamaru a 1883, amma Jamus ce ta mallaki wurin. Saboda haka alaƙar Poland da ƙasar Hausa ta hanyar karatu ta zo. A 1957 Nina Pilszczikowa ta buga nazari kan tsarin aikatau na Hausa, Jami'ar Warso kuma ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin koyar da harshen a Turai.

Takardun da Mischlich ya tafi da su Jamus sun koma hannun wani masani mai suna Heinz Sölken, wanda ya buga tarihin Kabi na Alhaji Umaru da taƙaitaccen tarihin rayuwarsa. A Amurka Douglas Ferguson ya fassara bayaninsa na rayuwar Hausawa zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na 1973. A Gana kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta tattara kwafen waƙoƙinsa daga hannun almajiransa a shekarun 1960. Wanda ya fi daɗewa a kan aikin shi ne Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warso. A tsakiyar shekarun 1970 ya buga waƙar talauci da wadata da waƙar zuwan Nasara da fassara da sharhi. A 1981 ya fitar da littafi guda a kan malamin da harshen Poland. A 1992 ya buga labarin Malam Abu kan yaƙe-yaƙen Zabarmawa da Babatu da Samori. A shekarar 2000 aka buga masa a Barlin rubutun zube na Alhaji Umaru daga tarin Mischlich da Sölken, wannan karon da sunan marubucin a cikin sunan littafin. Tsakanin rubutawa da wannan bugu kusan shekara 100 ke nan.

Kammalawa

Ɗalibin da aka ba shafi daga rubutun Alhaji Umaru yana riƙe da Hausar ɗan Kano da ya rayu a zangunan yamma, kafin a daidaita rubutun boko. Zai ga kalmomin fatauci da suka fara ɓacewa, irin su jagaba da fatoma da fito da huhu, da sunayen garuruwan da sai ya san rubutunsu na Faransanci ko na Jamusanci kafin ya same su a taswira. Ya kamata ya tambayi kansa wa ya rubuta, wa ya nemi a rubuta, wa ya kwafa daga ajami zuwa boko, kuma me kowannensu yake nema. Bayanin da malamin ya rubuta wa jami'in Jamus da waƙar da ya tsara wa almajiransa daga hannu ɗaya suka fito, sai an haɗa su biyun ake sanin ra'ayinsa.

Haka abin yake ga garuruwan. A Paraku da Zugu ana jin Dendi da Batonu da Yom da Fulatanci da Hausa a kasuwa ɗaya, Faransanci kuma a ofis da makaranta. Unguwannin Zongo da Baparape da fadar Kilir suna nan inda fatake suka bar su. Motocin kaya sun maye gurbin jakuna, amma waɗanda suka nufi yamma daga Zugu sai sun tsaya a shingen kwastan kafin su shiga Togo, a kan layin da aka ja a Paris a 1897.